Masu Shanyar Yadi na Malam Tomaru

Ni dai tun itatuwa suna fure na ce mu tafi. A gabana likita ya gaya wa Yaya Kikuno gaskiya: idanunta suna tafiya, babu aikin tiyatar da zai dawo da su, abin da take son gani ta hanzarta ta gani. Muna fitowa daga asibitin ta riƙo hannun rigata ta ce kada in kuskura in faɗa wa kowa. Haka take tun muna yara, gara ta faɗa rami da a ce mata sannu.

Abin da take son gani kuwa guda ɗaya ne. Lokacin tana 'yar yarinya wani mai zane, Malam Tomaru, ya sauka ƙauyenmu a ƙarshen sanyi. Yakan zauna bakin gona da kaskon wutarsa yana zana matan da ke shanya yadin saƙa a kan dusar ƙanƙara don ya yi fari. Innarmu tana cikinsu. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ta kuma rasu ni ko wayo ban yi ba. Duk duniya babu inda siffarta ta rage sai cikin wannan zanen. Yaya ta yi aure can kudu, jinyar miji ta cinye mata shekaru, sai daga baya muka ji an mayar da gidan Malam ɗan gidan tarihi, kowa yana iya zuwa.

Na ce mu hau jirgin ƙasa a makon nan. Ta ce in yi wa kaina faɗa.

"Wa ya taɓa rataya zanen ƙanƙara ana shirin shiga zafi? Kowane zane da lokacinsa. Tamae, wani lokaci sai in rasa wa ya raine ki."

"Ke kika raine ni, Yaya."

"To na yi asarar wahalata."

Gaskiyarta ce, ko a gidan talaka ba a barin zanen fure a bango ana sanyi. Sai muka zauna jira. Zafi ya zo ya wuce, ganye ya yi ja ya zube, ni kuwa ina kallon yadda ta daina saka zare a allura, sannan ta daina karanta jarida, sannan ta fara zuba shayi tana tara yatsa a bakin kofi. Raina ya yi ta ɓaci, amma wa zan gaya wa? Sai da lokacin shanyar yadi ya kama sosai ta ce yanzu kam zanen yana bango, mu tashi.

Gidan yana can ƙarshen wani ɗan gari, bayan shagon mai waken suya. An share siririyar hanya cikin ƙanƙara har bakin ƙofa. Wata tsohuwa ƙarama, tsaf da ita, ta tarbe mu ta ajiye mana silifa. Ita ce Malama Hatsuyo, 'yar Malam ta cikinsa, ita kaɗai ke kula da gidan. Na riƙe gwiwar hannun Yaya kamar ni ce mai neman madogara, don kada a gane.

Ni ba mai son kallon kayan matattu ba ce, amma gidan nan ya kashe mini baki. Babu abin da aka ƙawata. Ɗakin aikinsa yana nan yadda ya bar shi, taga ɗaya babba tana shigo da haske mai laushi. Babu tebur, babu kujera, don a ƙasa yake zane, a durƙushe. Har yanzu ana ganin inda gwiwoyinsa suka lotsa tabarma, wuri biyu. Dutsen da yake niƙa tawada a kai ya yi rami a tsakiya kamar tsohon turmi. Ga tarin burushinsa a rataye, wasu gashinsu ya ƙare saura 'yan tsiraru, amma an wanke su tas. Kwanon ruwansa ma fasasshe ne da aka ɗinke. Na tsaya ina tunanin shekarun da mutum zai yi yana goga tawada kafin dutse ya yi rami haka, sai na ji kunyar irin ƙorafin da nake yi idan na wanke tukunya biyu.

"Me kika gani?" Yaya ta tambaye ni ƙasa-ƙasa.

Na raɗa mata. Ta gyaɗa kai tana fuskantar taga kamar ita ma tana kallo.

"Da sassafe yake niƙa tawada da kansa," in ji Malama Hatsuyo. "Ko mahaifiyata bai yarda ta taya shi ba. Yana cewa a wurin niƙan ne hannu yake hucewa."

Daga nan ta wuce da mu ta barandar katako zuwa ɗakin baƙi, inda ake rataya zane ɗaya tak a gurbin bango. Daga bakin ƙofa na leƙa.

Babu ƙanƙara, babu mata. Wani ƙato ne kwance tumbi waje a ƙarƙashin rumfar duma, mafici a kan cikinsa, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, yana sharar barcin rana. Kai! Duk da abin da ke raina sai da na yi dariya. Layi kaɗan ne, amma kana jin nauyin zafin, kana jin munsharin. Yatsun ƙafata da suka daskare sai na ji kamar sun sake.

"Malama," na ce, "ina na matan da ke shanya yadi?"

"Af, wannan ai na lokacin zafi ne. Yana cikin akwatinsa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Na ƙanƙara fa nake nufi."

"Shi nake nufi ni ma. Babana ba ya rataya abin da ke bayan taga. Yana cewa baƙon da ya keto ƙanƙara ya zo gidanka, rashin tausayi ne ka sake nuna masa ita a bango. Da sanyi a ba shi zafi, da zafi a ba shi sanyi. Wannan da kuke nema tun farkon zafi yake rataye, sai da ganye ya fara ja na naɗe shi."

Wayyo! Duk watannin nan da muka yi muna zaune, idon Yaya yana tsiyayewa, ashe Inna tana nan a bango tana jiranmu. Na juya na kalli Yaya. Fuskarta ba ta motsa ba, amma hannunta da ke cikin nawa ya yi sanyi ƙalau.

"To a ɗauko mana shi, don Allah. Daga nesa muka zo."

Malama Hatsuyo ta sunkuya cikin ladabi. "Ku yi haƙuri. Tun rasuwarsa ban taɓa saɓa tsarinsa ba. Ku dawo idan zafi ya kama, ni da kaina zan dafa muku shayi a gabansa."

"Idan zafi ya kama!" Muryata ta tashi, na san ta tashi. "Haba baiwar Allah, takarda ce fa a cikin akwati. Shi mai tsarin ya tafi, mu da muke tsaye a gabanki..."

"Tamae." Yaya ta matse mini hannu har sai da na ji zafi. "A gidan mutane kike. Rufe mini baki."

Maganar tana kan harshena, saura kaɗan in faɗe ta, in ce zuwa zafi matar nan ko tafin hannunta ba za ta gani ba. Amma na yi alkawari, kuma na san idan na faɗa ba za ta yafe mini ba har kabari. Na haɗiye.

Yaya ta saki hannuna. Ta gyara wuyan rigarta ta ce, "Tsarin Malam mai kyau ne, mu ne ba mu yi tambaya ba. Tunda mun zo, bari in gaida wanda ke bangon."

Ta taka ita kaɗai, kai a sama, ta shiga ɗakin. Da silifa a ƙafarta. Ta bi ta kan tabarmar Malam har tsakiyar ɗaki, silifa tana ƙara, ta durƙusa ta sunkuya da kyau, ta gaida bangon da babu komai a kansa. Zanen yana can hannun damanta.

Yaya Kikuno fa! Matar da ta taɓa hana ni abincin dare don na taka gefen tabarma da safa mai datti. Ba ta ga inda katako ya ƙare tabarma ta fara ba, ni ce kullum nake matsa mata hannu a bakin ƙofa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san ko in ruga in cire mata ba ko in yi kamar ban gani ba.

Malama Hatsuyo ta kalli silifar, ta kalli bangon da Yaya ke fuskanta, sannan ta kalle ni. Idona ya cika. Ta daɗe tana tsaye, hannayenta a haɗe. Sai ta shiga ɗakin a hankali ta durƙusa kusa da Yaya, ta zare silifar ta tura bayanta ba tare da ta ambata ba.

"Ɗakin nan da sanyi," ta ce. "Ku zo ɗakin aiki, ya fi haske. Wace ce taku a cikin matan?"

"Mahaifiyarmu," in ji Yaya.

"Bango dai ba zan taɓa shi ba, wannan ƙaton zai ci gaba da barcinsa. Amma idan na kusa suka zo, a ƙasa Baba yake buɗe musu, inda ya zana."

Ta wanke hannu, ta ɗauko wani dogon akwatin katako, ta shimfiɗa farin ƙyalle a gaban wurin gwiwoyin nan biyu. Ta ce Yaya ta durƙusa a nan, daidai inda Malam yake durƙusawa. Sannan ta fara warware zanen sannu a hankali.

Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Ƙanƙarar ma bai zana ta ba, takardar ya bari fara, amma wallahi sai da na ji iskar gonarmu a fuskata. Dogayen yadi a shimfiɗe layi-layi, tawadar ta yi ruwa-ruwa har kamar za ta ɓace. Can baya ga dutsen ƙauyenmu da kafaɗarsa guda da ta fi ɗaya tsawo. A tsakiya mata huɗu, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba.

Yaya ta sunkuya. Ta ƙara sunkuyawa har hancinta ya kusa taɓa takarda, ta rufe baki da hannun riga don kada numfashinta ya ɓata zanen. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, tana neman gefen idon da ya rage mata.

Ta ɗago. "Fari kawai nake gani," ta ce, muryarta daidai. "Da ɗigo-ɗigo. Mun makara, Tamae."

Wannan ne karo na farko da ta faɗa a gaban wani. Na ji haushin likita, na ji haushin zafi da sanyi, na ji haushin kaina da ban ja ta da ƙarfi tun farko ba.

"To ke sarkin surutu," ta ce, "yau ga ranarki. Faɗa mini."

"Yaya, ba su da fuska. Ni kuma ban san ta ba."

"Wa ya tambaye ki fuska? Me suke yi?"

Na durƙusa kusa da ita. Na ce ta farko tana tsaye, hannu a ƙugu, baki a buɗe.

"Matar mai niƙa ce. Aiki kaɗan, magana da yawa. Wuce."

Ta biyu da ta uku suna jan yadi ɗaya, ɗaya doguwa ɗaya gajera.

"'Yan gidan da ke bakin gada ne. Wuce."

"Ta huɗun tana gefe ita kaɗai. Ta sunkuya, amma ba ta baya ba, gwiwa ta lanƙwasa, bayanta a miƙe. Ta kama bakin yadin da haƙori, hannunta na dama a cikin hammata..."

Yaya ta kama cinyata. "Da haƙori?"

"Da haƙori. Layi ɗaya ne ya ja, amma ana gani sarai."

"Ita ce." Ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji daga bakinta ba. "Ita ce! Yatsunta suna tsagewa da sanyi, sai ta riƙe da baki tana ɗumama hannu ɗaya. Kaka ta yi faɗa har ta gaji, wai za ta ɓata yadin mutane. Ashe ya gani. Yana can nesa da kaskonsa, ashe mutumin nan ya gani."

Malama Hatsuyo ta sunkuyar da kai.

"Ci gaba," in ji Yaya. "Me kuma?"

"Akwai ƙunshi a bayanta. Ɗigon tawada ne babba, da ƙarami a samansa. Ragowar yadin ne, ina ji."

"Wane irin yadi? Don me kike tsammani ba ta sunkuya ta baya ba? Ke ce, shashasha. A lokacin ma ba kya yin shiru."

Na sake kallon ɗan ɗigon nan da ya kwanta a wuyanta, sai takardar ta narke a idona. Malama Hatsuyo ta yi maza ta ja kafaɗata baya kada in ɗiga a kai, ta tura mini hankici.

Yaya ba ta ɗago ba, fuskarta tana saman farar takardar. Ta lalubo hannuna ta girgiza.

"Goge idon nan naki, da shi nake kallo. Hannunta na hagu fa, me yake yi?"