Ƙwayar da Habsu Ta Zubar

Da Jamilu ya dawo Gummi daga haƙar zinariya a wajen Tungar Daji, kumatunsa suka riga shi shiga gida. Fuska ta cika ta batse, wuya ya yi kauri, tumbi ya turo riga. Matan unguwa suka yi ta sallama suna yi wa uwarsa Habsu barka, wai ɗanta ya samu. Halin mutanenmu ke nan, in sun ga ƙiba sun ga arziki, ba mai tambayar abin da ya kumbura mutum.

Habsu kuwa ba ta yi murna ba. Ta lura hannayensa sun sirance, fatar cikinsa ta tsattsage da jan zane kamar ta mai tsohon ciki. Ranar da ta ɗauki rigarsa za ta wanke, sai ga ƙullin leda cike da fararen ƙwayoyi ƙanana. Ta nufe shi da ledar a hannu.

"Ƙwaya, Jamilu? Cikin gidan ubanka?"

"Inna, ba ta maye ta ba," in ji shi. "Maganin ciwon baya na. Kowa na sha can bakin rami, in ba haka ba mutum bai iya tashi da sahe. Tun damanar bara nika shan ta."

Habsu ba ta tsaya jin sauran ba. Ta ga yadda ƙwaya ta mai da 'ya'yan mutane, wasu suna magana su kaɗai a tasha. Ta nufi masai ta juye ledar, ta dawo ta tsaya a kansa.

"In ka sake kai ta bakinka, ban yahe ba, duniya da lahira."

Jamilu ya sunkuyar da kai. A ƙasar nan ɗa na iya shiga ramin da ke shirin ruftawa yana dariya, amma ba ya tsallake wannan kalma.

Ba a daɗe ba tuwon shinkafa ya fara gagararsa. Ya ci loma biyu ya amayar. In ya miƙe sai jiri ya kwashe shi, ya dafa bango. Habsu ta ce a ranta ƙwaya ce ke fita daga jikinsa, ta dafa masa sabara, ta yi ta addu'a. Amma kullum sai ya ƙara laushi, ita kuma tsoro ya hana ta cin abinci. Wata safiya ya lallaba fadama don ya taya kawunsa Sanda yankan shinkafa, aka dawo da shi a amalanke, gumi mai sanyi na karyo masa.

"Dalma ta," in ji Sanda, yayan Habsu, mutumin da bai taɓa shakkar maganarsa ba. "Wanda yad daka dutsen zinariya mi kike jira? Kin manta ɗiyan ƙauyen Sunke da gubar dalma tak kashe? Asibitin Anka za mu kai shi, su sunka san ta."

A cikin mota Habsu ta ɗora kan ɗanta bisa cinyarta. Tana kiran sunansa, yana amsawa da ƙyar, can ma ya daina. Maganar ƙwaya ta zo mata har baki ta haɗiye. Yaya za ta ce wa yayanta, gaban direba da fasinja, ɗan da ta rena ɗan ƙwaya ne? Ta gwammace a ce dalma. Ita dalma ba abin kunya ba ce, ƙaddara ce ta kowa.

Likitar da ta karɓe su a asibiti, Mardiyya, ta auna shi sau biyu, ta ɗaga rigarsa ta dubi zanen cikinsa, ta dubi fuskar.

"Jininsa ya yi ƙasa sosai, sukarinsa ma haka. Za mu auna dalma, amma ban ga alamar ita ta kayar da shi ba. Akwai maganin da yake sha kullum, ya bari kwanan nan?"

"Ɗanmu bai shan komi," in ji Sanda.

Likita ba ta dube shi ba. "Inna, ke nake tambaya. Lokaci muke nema."

Habsu ta dubi leɓen Jamilu da suka bushe suka yi fari. Kunya ta yi mata nauyi, amma tsoro ya fi ta. Ta faɗi komai, da ledar, da masai, idonta a ƙasa. Kafin ta rufe baki likita ta sa an kawo allura da ƙarin ruwa.

Sai da aka ɗaura masa sannan ta zauna kusa da Habsu. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zuba wani sinadari cikin jini, shi ke riƙe da ƙarfin mutum da bugun jininsa da sukarinsa. Wata kuma a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ita ke aika musu su zuba. Ƙwayar da Jamilu ke sha irin wannan sinadarin ce, ita ta kumbura shi. Da ta sama ta ga jini kullum a cike, sai ta daina aike, na ƙasa suka kwanta barci.

"Kamar matar da maƙwabta ke kawo wa tuwo kullum har ta bar hura wuta," in ji ta. "Ran da aka yanke, murhu ya yi sanyi. Barin ƙwayar daidai ne, Inna, amma da kaɗan-kaɗan ake janye ta."

Habsu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Washegari Jamilu ya buɗe ido, har ya sha kunu. Da ya ƙara jin ƙarfi likita ta zo da kofin ruwa da ƙwaya ɗaya irin wadda Habsu ta zubar a tafin hannu. Ta ce allura ba za ta bi shi gida ba, wannan zai riƙa sha ana ragewa, wata da watanni, har tsokokin su farka. Yaushe za su farka, ba wanda zai iya cewa.

Jamilu ya dubi ƙwayar ya kau da kai wajen bango.

"Ba ni sha. Inna ta ce ba ta yahe ba."

"Ranka ne fa, Malam Jamilu."

"Na sani, likita. Tun ina gida na san in na sha ina tashi. Akwai ta kemis ɗin bayan gidanmu."

Habsu ta dafe ƙarfen gado. Ashe duk kwanakin da take dafa masa sabara ya san abin da zai tashe shi, ya san inda yake, ya kwanta yana jiran mutuwa don kada ya tsallake maganarta. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta karɓi ƙwayar daga hannun likita.

"Na yahe, Jamilu."

Bai juyo ba. "Duniya da lahira kinka ce, Inna."

"Duniya da lahira, na yahe. Kai ma ka yahe mini."

Sannan ya juyo ya buɗe baki, ta sa masa ƙwayar.