Misalin Shagon Baba

...kuma daga ƙasa yake farawa, kullum daga ƙasa. Haka Malam Jan Biro yake rabon takardun jarrabawa: wanda ya fi kowa faɗuwa shi ake fara kira, sai a yi ta hawa. Duk wanda bai kai sittin ba ya kwashi littattafansa ya koma ajin darasin Gwamnati na kowa da kowa, wannan na zaɓaɓɓu ya fi ƙarfinsa. Auta tana layi na uku.

An kira huɗu. Biyar. Ba ita ba tukuna...

Mako uku! Babi uku duk mako, sharhi shafi biyar duk Alhamis, hukunce-hukuncen kotu ashirin da ake so a haddace har da shekarunsu. Littafin kansa — ranar da Yaya ya ɗaga shi cewa ya yi wannan ba karatu ba ne, dako ne. Sau biyu igiyar jakarta tana tsinkewa.

Wayyo, tambaya ta huɗu. Me ya kai ta?

"Yi bayanin rabon iko." Maki ashirin. Ta haddace bayanin littafi tsaf, amma tana ɗaukar biro kan ya yi fayau, ba abin da ya rage sai ƙarar keken ɗinki. Asabar ɗin kafin jarrabawa a shagon Baba, tana kan buhun ƙyallaye tana ta maimaitawa, majalisa, zartarwa, shari'a, sai Baba, almakashi a hannu, ya ce, "Auta, wannan ne ya hana ki cin abinci? Ai shagon nan ne. Ni in yanka, kawunki ya ɗinka, mai guga ya duba. In ya ga karkata ya dawo mana da ita, ko ni ban isa in hana shi ba. In mutum ɗaya ya yanka ya ɗinka ya goge, wa zai gaya masa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?" Ita kuwa har da murguɗa baki — Baba, wannan fa karatu ne. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba...

Shi ta rubuta. Almakashi da dutsen guga, a takardar Jan Biro, mutumin da ke zagaye waƙafi in bai zauna daidai ba!

"Sittin da biyu," in ji Malam, yana miƙa wa na bakin taga.

Tsaya. Sittin da biyu? An wuce sittin ke nan? An wuce! Ba a kira ta ba kuma an wuce! Kujerar nan tata ce... sai fa in takardar ce ta ɓata. Ko ya ware ta ne ya karanta wa aji a sha dariya? Ya taɓa yi wa wani.

Saba'in. Saba'in da takwas. Sarkin Hadda, mai kawo amsa har da lambar shafi, ya karɓi tamanin da ɗaya yana cin magani. Saura takarda ɗaya a hannun Malam. Ɗaya. Kowa ya waiwayo.

Ƙafafun nan, ku tashi mana!

Tamanin da bakwai. Daɗi ya cika ta har yana ba ta tsoro. Ashe ana iyawa! Ina Yaya mai cewa dako? To, ga ladan dako. Malam ko murmushi babu, yana rubuta wa aji a allo: babi na goma zuwa sha biyu, Litinin. Ko a jikinta. A kawo har na sha biyar, ita ce nan.

Ta zauna, ta buɗe tambaya ta huɗu. Ba zagaye ko ɗaya. Ashirin cif, a ƙasa kuma da jan biron nan: "Shekara sha tara ina koyar da babin nan, ban ga misalin da ya kai wannan ba. A wane littafi kika samo shi? Ki zo min da shi ranar Litinin."

Littafi... Baba ne fa. Ta zo da shi? Da tef ɗin awo a wuya, da zare a gemu? Dariya ta taso mata, sai ta tsaya cak. Ta murguɗa masa baki ranar. Shi kuwa ya ajiye almakashi, ya jawo jakarta ya hau ɗinke igiyar da littafin ya tsinka...

Yanzu ta ina za ta fara gaya masa?