Agogon da Radhamés Ya Kawo

Shekara arba'in da ɗaya Don Eleuterio Féliz ya yi yana gyaran agogo a bakin kasuwar garin Baní, a kan wani ɗan tebur mai gilashi. Lelo kowa ke ce masa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma hannun hagu bai dawo daidai ba, rawa yake yi ba dare ba rana. Ya tattara kayan aikinsa ya koma gidan ƙanwarsa Tomasina. Gurbin teburin kuwa wani mai sayar da waya ne ya gaje shi, Radhamés, ƙato mai sarƙar zinariya, wanda in ya yi dariya sai ka ce kwano ake ja a siminti.

Shekara biyu babu wanda ya kawo wa Lelo ko da agogon hannu. Rannan da hantsi sai ga Radhamés a ƙofar gida, da ƙunshi a hammata.

"A sa mini albarka, Don Lelo."

"Allah Ya yi albarka. Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Agogon tsohuwata ne ya tsaya. Asali na mahaifina ne. Kwana uku ke nan ko shinkafa da wake ba ta iya haɗiyewa. Na ce mata duk garin nan mutum ɗaya ne zai iya."

Ya kwance ƙunshin. Agogon tebur ne mai ƙararrawa biyu a ka, fentinsa kore duk ya goge. Lelo ya karɓa da hannun dama, ya kanga a kunne, ya girgiza. Shiru. Ya taɓa makullin baya, ya ƙi motsi.

"An murɗa shi da yawa ne ko?" in ji Radhamés.

"Haka kowa ke cewa. Murɗi ba ya kashe agogo. Wani abu ne ya tare shi a ciki, shi ya sa sifirin ya cika ya kasa saki. Ka ce wa tsohuwarka, Doña Primitiva, ta ci abinci."

Radhamés ya juya da sauri, kafaɗunsa na motsi. Lelo ya ɗauka tausayin uwa ne ya kama shi.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin cin abinci, ya sa Tomasina ta riƙe masa agogon, ya kwance bayan. Tsohon mai ya daskare a ciki kamar ɗanko, ga ƙura, ga ƙafar kyankyaso. Ya saki sifirin a hankali don kada ya fizge, ya fitar da 'yan tayoyin masu haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa su a kananzir. Wunin nan yana aiki yana 'yar waƙa. Tomasina ta daɗe ba ta ji muryarsa haka ba.

Washegari ya mayar da komai, ya ɗiga mai da bakin allura, ya murɗa makulli. 'Yar tayar da ke kai da komo a cikin agogon ta yi lilo sau biyu ta kwanta. Ya saka gilashin ido ɗaya ya sunkuya. Siririn sifirin da ke juya ta, mai kaurin gashi, a tsinke yake. Ya daɗe yana kallon wurin. Sifirin da ya gaji yakan karye da kansa, da tsatsa a baki. Wannan bakinsa fari ne fat, yana walƙiya, ga sawun almakashi a gefe.

Ya cire gilashin ya ajiye.

"Yanke shi aka yi, Tomasina. Ba a fi mako ba."

"Wa zai yanke agogon uwarsa?"

Ya tura agogon gefe. Ita ma ta gane. Ta san masu buga wasan domino a ƙofar kantin kusurwa, ta san yadda suke kwaikwayon hannun yayanta in ya wuce.

"Kawo in mayar musu da tsiyarsu," in ji ta.

"Ajiye shi."

"Lelo, dariya suke nema!"

"Na ce ki ajiye."

Ya jawo gwangwanin biskit inda ya tara gawarwakin agogo. Kwana biyar yana fama. Sifirin na farko hantsaki ya kuɓuce ya lanƙwasa shi. Na biyu hannun ya yi rawa ya cukuikuye shi kamar zaren da kyanwa ta samu. Daga ƙarshe ya ɗaure hannun hagun a ƙafar tebur da ɗankwalin Tomasina, ya yi aikin da dama kaɗai, ita tana riƙe, shi yana ɗauke numfashi. Na uku ya zauna. Ran Juma'a da azahar agogo ya ɗauka, tik, tak, tik, tak. Ya gwada shi a tsaye, ya gwada a kife, bai tsaya ba.

Ran Asabar ya sa farar riga mai guga, ya saita ƙararrawa ƙarfe huɗu, ya nufi kantin. Su huɗu ne a tebur, ga 'yan kallo a tsaye. Cikin na zaunen akwai Radhamés da Bienvenido, abokinsa tun suna yara, wanda ya riƙe masa 'ya a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre.

Lelo ya matsa kusa da teburin. Ya dire agogon a tsakiyar 'ya'yan domino. Ba a yi minti biyu ba ƙararrawa ta ɓarke, agogon na tsalle a kan katako. Kowa ya zuba masa ido.

"Ka kai wa Doña Primitiva," Lelo ya ce wa Radhamés.

Radhamés ya dubi agogon, ya dubi mutane, sai ya kece da dariya har da dukan cinya.

"Wace Primitiva? Tsohuwata waya ce ke tashinta! Wannan a kurar mai gwangwan na tsinto shi. Cewa na yi ko ƙusa ba za ka iya kwancewa ba, Bienvenido ya ce in na sa sunan tsohuwa za ka karɓa."

Lelo ya juya ya dubi abokinsa. Bienvenido ya duƙufa yana jera 'ya'yan dominonsa.

"Kompadre, haka ne?"

"Wasa ne, kompadre. Kai ma ka cika ɗaukar zafi."

"Amma fa tsoho ya yi ƙoƙari," in ji wani daga baya. "Ƙila rawar hannun ce ta tashe shi!"

Aka sake fashewa. Radhamés ya ɗaga agogon sama, yana karkaɗa hannu irin na Lelo, yana karkata baki.

"Wayyo, Don Lelo, ciwonka ya kama ni! Riƙe, riƙe!"

Ya sake shi. Agogon ya daki siminti, gilashin ya tarwatse, ƙararrawa ɗaya ta gangara cikin kwata.

"Ayya. To tunda gwani ne, a sake gyarawa mana," in ji shi.

Lelo ya durƙusa ya shiga tsintar abin da ya warwatse yana zubawa a aljihun farar rigar. Da ya gama, tashi ya gagara. Sau biyu yana yunƙurawa yana komawa. Ya kama ƙafar tebur, wani ya ce masa kada ya rushe musu wasa. Sai da ya ja gwiwa zuwa bango sannan ya miƙe. Kafin ya kai kusurwa har an ci gaba da buga domino.

Kwana biyu bai fita ba, bai kuma buɗe gwangwanin ba. Ran Talata da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani direban babur ne daga cikin 'yan kallon nan, da agogo a hannu, yana cije leɓe don kada dariya ta kufce masa. Can bakin titi mutum uku sun tsaya suna leƙe.

"Don Lelo, na kakata ne. Ta ƙi cin abinci."

Tomasina ta fito da bokitin ruwan wanke-wanke a hannu.

"Ɗan banza marar kunya, in ba ka bar ƙofar nan ba..."

"Tomasina," in ji Lelo.

Ya daɗe yana kallon agogon. Na jan ƙarfe ne, irin wanda rabonsa da gani tun yana saurayi. Ya miƙa hannun dama ya karɓa, ya kanga a kunne.

"Ka dawo ran Asabar."

Direban ya ruga wajen abokansa. Tomasina ta dire bokitin, ta shige madafa ta rufo ƙofa. Lelo ya kira ta sau biyu ta zo ta riƙe masa, ba ta fito ba.