Motar da ta bi amalanke

Alhaji Sagiru, magajin garin Tungar Baraka, ba mugun mutum ba ne. Gara a faɗi wannan tun farko, don abin da ya yi ranar nan ko mugu sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya yi shi. Tsoron bakin mutane ne ya yi masa yawa, musamman bakin mutanen sahun gaba a masallaci.

Tungar Baraka ƙaramar hukuma ce a bakin kogi, ba nisa da Gaya ta kan iyakar Benin. Tun da Sagiru ya hau kujera, aikin da ake nunawa da yatsa a ce nasa ne, shi ne motar gawa. Da harajin kasuwa aka saye ta, harajin da ba ya tambayar kowa alƙiblarsa: masu kifi sun biya, masu albasa sun biya, matan Benin masu manja da garin rogo sun biya. Ranar da aka kawo ta, Malam Yunus, limamin da jama'arsa suka tsaya wa Sagiru lokacin zaɓe, ya ce motar da za ta kai Musulmi makwancinsa bai kamata ta tafi haka fara fat ba. Sagiru ya sa aka kira mai fenti daga Gaya, ya rubuta Kalmar Shahada da kore a gefe biyu, manya-manya. Jama'a suka yi kabbara. Daɗin kabbarar nan ya ɗebi Sagiru, ya ɗaga hannu ya ce muddin yana kan kujerar nan, motar ba za ta ɗauki kowa ba sai mai salla. Ba wanda ya nemi wannan alkawari a wurinsa. Bakinsa ne ya riga kansa, kuma a lokacin ko kaɗan bai tuna da Madam Mariama ba.

Madam Mariama Kirista ce, daga Kandi ta ƙasar Benin ta zo tun tana amarya, tana soya kifi a bakin kasuwa. Katanga ɗaya ta raba gidanta da na su Sagiru. Da aka haife shi, uwarsa Hajiya Nasiba ta kwanta ciwo, nono ya ƙi zuwa. Mariama tana goyon ɗanta Yakuba a lokacin, sai ta haɗa su biyu, wannan a dama wancan a hagu, har aka yaye su. Ga shi kuma Sagiru ɗan fari ne, Hajiya tana kunyarsa kamar yadda aka saba, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Duk abin da uwa ke yi a fili, Mariama ce ta yi. Ita ta goya shi, ita ta ja shi lakwal, makarantar boko, yana ihu, ita kaɗai ke ce masa “Sagiruna” har ya yi furfura. Ba asiri ba ne. Kowa a garin ya san wannan, Sagiru ya fi kowa sani.

Wata safiya cikin damina, yana zaune a biro, wato ofishinsa na ma'aikatar magajin gari, wadda kowa ke kira meri, Malam Yunus ya shigo gaisuwa ya samu kujera. Suna cikin hira Yakuba ya yi sallama. Kafinta ne shi yanzu, garin katako duk a hannun rigarsa, idanunsa jawur.

“Alhaji, Mama ta cika da asuba.”

Sagiru ya miƙe tsaye. Ya yi salati, ya riƙe hannun Yakuba, hawayen da suka zo masa na gaskiya ne.

Yakuba ya ce, “Akwatin na gama shi da hannuna. Mota ce na zo roƙo. Ka san maƙabartarmu can Gaya take, kuma zahin ga ba ya jiran kowa.”

Sagiru ya saci kallon Malam Yunus. Malam bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja, yana duban ƙasa. Da ya yi magana ma da sauƙi, da an san abin da za a amsa. Shirun nan Sagiru ya cika shi da duk abin da yake tsoro: ranar kabbara, hannun da ya ɗaga, abin da za a ce bayan sallar Juma'a, zaɓe mai zuwa.

Ya ce, “Wallahi Yakuba, motar ta yi fan, tun jiya ba ta tashi. Hadi direba na jiran makaniki daga Gaya.”

Har da rantsuwa. Alhali motar tana tsakar meri, Hadi direba yana wanke ta, ta gabanta Yakuba ya wuce kafin ya shigo. Yakuba ya dube shi, ba da fushi ba, irin duban da ake yi wa mara lafiya.

“To. Allah shi sa a gyara,” ya ce, ya fita.

Malam Yunus ya mayar da carbinsa aljihu, ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo.

“Ashe ta lalace? Ni ko ɗazu na ga Hadi ya shigo da ita lahiya lau.”

Bai jira amsa ba, ya sa takalmansa ya tafi. Sagiru ya bi shi da kallo. Bai san ko malamin yabonsa ya yi ko tsine masa ba, kuma bai da fuskar da zai bi shi ya tambaya.

Ya kasa zuwa gidan rasuwa. Ya ce wa kansa sai rana ta yi sanyi. Aka kawo masa abinci ya ture. Ya yi azahar shi kaɗai a biro, abin da bai taɓa yi ba, ya kasa tuna ko raka'a nawa ya yi. Duk sanda ya ɗaga kai ta taga, ga motar can tana ƙyalli, rubutun nan kore yana kallonsa. Kunya ta cika shi har wuya, amma ba ta kai shi ga tashi ba.

Hadi ne ya leƙo, yana murza hularsa.

“Alhaji, sun tashi. Amalanken Baƙo mai jaki suka samu.” Ya ƙara da cewa, “Kuma Hajiya na bayansu. Da ƙahwa.”

A Tungar Baraka mace ba ta raka gawa, balle tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ko masallacin Idi sai an ɗauke ta a babur. Sagiru bai san sanda ya miƙe ba.

“Tada motar!”

“Wadda ta yi fan?” in ji Hadi.

“Tada ta, na ce!”

Hanyar Gaya daga Tunga tudu ce da aka tayar tsakanin gonakin shinkafa, ruwa dama ruwa hagu, faɗinta na mota ɗaya. A nan suka cim musu. Jakin Baƙo yana jan ƙafa cikin laka, akwatin an ɗaure shi da igiya an rufe da zanen atamfa, Yakuba yana dafe da shi don kada ya zame. Kiristocin garin, waɗanda ba su cika tabarma biyu ba, suna biye suna waƙa a hankali. Can ƙarshensu ga Hajiya Nasiba da sandarta, takalmanta a hannu.

Sagiru ya diro, babbar rigarsa tana shan laka.

Yakuba ya ce, “Har an gyara?”

“Yakuba, don Allah. Ku sa ta ciki.”

“Ta riga ta kwanta, Alhaji. Ba ni sake ɗaga ta.”

Sagiru ya juya wajen uwarsa. “Hajiya, ke dai shiga. Ki dubi ƙafarki.”

Ba ta dube shi ba. Hadi ta kalla, kamar yadda ta saba aika masa magana ta bakin wani.

“A hwaɗa ma magajin gari ni ban mutu ba tukuna. In na mutu, shi duba ko na cancanta.”

Ta ci gaba da tafiya. Babu wurin juya mota a kan tudun nan, kuma ba a iya komawa da baya cikin santsi. Dole Hadi ya bi su a hankali. Haka aka jera: jaki da gawa a gaba, masu waƙa, tsohuwa, magajin gari a ƙasa yana jan riga, sannan motar gwamnati wayam, tana rarrafe a baya.

Da suka hau kwalta a bakin Gaya, inda manyan motoci ke jere suna jiran tsallaka gada, sai abin ya ƙara lalacewa. Direbobi da ƴan dako suna zaune wajen mai shayi suka hango rubutun. Suka ajiye kofuna, suka miƙe tsaye, kamar yadda Musulmi ke yi in gawa za ta wuce. Wasu suka bi bayan motar don su samu ladan rakiya. Mai gyaran taya ya bar aikinsa, mai kanti ya ja ƙofa. Kafin a kai mararraba, mutane sun cika titi a bayan motar, suna salati, wasu suna dafa jikinta suna cewa Allah ya jiƙan rai. Ba wanda ya kalli amalanken. An zaci kaya ne kawai Baƙo ya ɗauko.

Wani mai kabu-kabu, don neman lada shi ma, ya zabura gaba yana matsa oda.

“Kai mai jaki! Ba ka gani? Kauce ma gawa!”

Baƙo ya ja linzami ya tsaya, ya rasa abin yi. Waƙa ta yanke. Yakuba ya sunkuyar da kai, hannunsa na kan akwatin. Hajiya Nasiba ta dogara sandarta, ta juyo. Tun da Sagiru ya yi wayo bai taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido a gaban jama'a ba sai ranar, kuma ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige.

Wani dattijo daga cikin masu rakiya ya gane shi, ya matso ya riƙe masa hannu biyu.

“Ranka shi daɗe, ashe da kai aka taho. Sai hankuri. Wa ya rasu?”

Sagiru bai ɗaga murya ba, amma na kusa duk sun ji.

“Uwata ce.”

“Allahu Akbar. Allah shi yi mata rahama.” Dattijon ya miƙa hannu zai dafa motar.

Sagiru ya kama hannun, ya sauke shi.

“Ba kowa a ciki, Baba. Ga ta can, kan amalanke.”