Golan Ko-ta-kwana

Shekara shida Munkaila yana dumama benci a ƙungiyar ƙwallon Hasken Zango ta Kumasi. Gola ne na gaske, amma ba a kiransa sai abu ya lalace: ko Zuberu, golan farko, ya gurɗe, ko an zura masa uku saura minti goma. A nan ne Baba Rafi'u, mai horar da su, zai waiwayo ya ce, "Kai, tashi." Ko sunansa ba ya kira. In Munkaila ya tare fanareti, a ce Allah ne ya kiyaye. In ta wuce, a ce ai da ma.

Ya tsani Zuberu, tsana mai hana cin tuwo. Ya tsani hularsa, ya tsani yadda yake tofa yawu a tafin hannu yana kallon 'yan mata. Abin da yake so kuwa bai taka kara ya karya ba: ya tsaya a raga tun daga busar farko, kafin gwiwarsa ta gama mutuwa.

Sai ga doka a ƙarshen 1969, duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana cikin mako biyu. A Zango, unguwar baƙi, kowa ya kama bakinsa. Zuberu a Kumasi aka haife shi, amma ubansa baƙo ne, daga Dosso ya biyo shanu ya zo, kuma Munkaila ya san inda aka rubuta haka. Al'adar Baba Rafi'u ce, duk wanda ya shiga ƙungiya sai ya rubuta sunansa da garin ubansa a wani baƙin littafi, don in tsautsayi ya faɗa a fili a san sarkin ƙabilar da za a je wa.

Ranar Talata da hantsi Munkaila ya zare littafin daga akwatin riguna, ya kai caji ofis. Bai iya karatun boko ba. Ya dai san shafin farko na gola ne.

"Massa, wannan mutum kawai," ya ce wa sajan.

Sajan ya lashi yatsa ya juya shafi na biyu, ya juya na uku.

"Yoo. Bar shi nan."

"Mutum guda na kawo, Massa."

"Kai ka kawo guda. Littafi ya kawo sha huɗu. Tafi gida."

Kafin Juma'a an bi su gida-gida. Zuberu ya hau motar katako da tabarmarsa ya nufi iyaka, Seini mai cin ƙwallo ya bi shi, 'yan baya uku suka bar kayan aikinsu a Magazin, unguwar makanikai.

Lahadi Munkaila ya je filin wasansu a Tafo. Mutum biyar ya tarar, kuma labarin wanda ya kai littafin ya riga shi isa. Babu wanda ya amsa sallamarsa. Baba Rafi'u ya jefa masa rigar Zuberu a ƙasa.

"Ɗauki. Ba ita kake nema ba?"

"Baba, wasan fa?"

"Da wa? An cire mu daga gasa. Shiga raga ka tsaya, babu mai cin ka yau."

Kunya ta kama Munkaila, sai ya mayar da ita faɗa. "Ai kai ka jawo. Shekara shida ka ajiye ni kamar tsohon takalmi. Mu nemo wasu yara, Zango ba ta ƙare ba."

Tsohon ya ɗaga ƙwallon, ya zare bakinta, ya matse ta a ƙirji har iskar ta fita.

"Nemo su," ya ce. "Ni gobe zan hau mota. Sunana da garin ubana suna bangon littafin."