Jan Zaren Delbert

"Ke Marlys, ja a hankali mana! So kike ki bar ni tsirara a gaban mutane?"

Tsoho Delbert ke nan, zaune a keken marasa lafiya a bakin rumfar jirginsa, gefen filin tseren jiragen sama na garin Reno. Marlys, maƙwabciyarsa kuma matuƙiyar jirginsa, sai warware hannun jar rigar sanyinsa take tana yanka zaren guntu-guntu. Shagon ulu ba ya buɗewa ranar Lahadi, likita kuwa ya ce kada a ɗaga wa tsohon komai zuwa gobe, don kwanansa ya kusa ƙarewa.

"Kai ka ce sai ulu, Baba. Yi shiru ka miƙo hannu."

Shekara da shekaru yana fama da jirgin nan. Ya datse masa fikafikai don ya ƙara gudu, abokansa suka sa shi a gaba da tsiya, wai ya mai da shaho kaza. Hanyar raba gardama ɗaya ce: a manna gutsattsarin zare a kan fiffike, a tashi sama. In zaren ya kwanta, iska na bin fiffiken sumul ke nan, aiki ya yi kyau. In ya yi ta rawa, an yi wahalar banza. Amsar nan kaɗai Delbert yake jira kafin ya tafi.

Marlys ta tashi sama tana addu'ar zaren ya kwanta, don ta san ba ta iya yi wa tsohon nan ƙarya ba. Ta ba jirgin wuta, ta karkata shi a kwana, ta saci kallon fiffike. Zaren ya kwanta luf kamar gashin jariri bayan wanka.

Tana sauka ya tare ta da ido. "Yaya?"

"Ko motsi bai yi ba."

"Har na can ƙarshen fiffiken?"

"Har shi, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Maza je ki gaya wa masu cewa kaza. Kuma ki saƙa mini hannun rigata, ɓarauniya!"

Bai jira saƙar ba. Ranar Laraba ya rasu a barcinsa, sanye da rigarsa mai hannu ɗaya. Marlys ta yi kuka sosai, ta yi dariya kuma da ta ga rigar.

Bayan jana'iza ta je rumfar don ta ciccire zaren. Tana ture ƙofa iska ta shigo, jajayen zarurrukan suka ɗaga kaɗan, suka koma suka kwanta. Ta bar su a wurin.