Ɗakin Mama Ya Ƙi Shiga Kyamara

Tun ranar da Francis ya bugo waya daga Maiduguri ya ce an ba shi hutu, ƙanwarsa Leah ba ta ƙara samun sukuni ba. Ba zuwan nasa ne ya dame ta ba, abin da ya biyo baya ne. Kwana biyu tsakani Mika ya kira daga barikinsu na Jos ya ce shi ma yana tafe, sai Sandra mai aikin jinya a Kontagora, sai Rachel da mijinta daga Ribah. Shekara goma sha ɗaya rabon 'ya'yan Mama Margaret da haɗuwa rana ɗaya a gidansu na unguwar Rikoto a garin Zuru. Gidan soja haka yake, wannan na shigowa wancan na ɗaura takalmi. Yanzu ga Asabar guda za ta haɗa su nan da mako uku, Lahadi bayan sujada kowa ya kama gabansa.

Mama ta ce hoto take so. Guda ɗaya tak, babba, da ita da 'ya'ya da surukai da jikoki, kada a bar ko kunnen wani a waje. Ba wanda ya tambaye ta dalili. Autanta Divine ya shiga daji da kaki shekara shida da suka wuce bai dawo ba, kuma kaf gidan babu hoto ko ɗaya da ya haɗa shi da uwarsa. Kullum a ce a bari sai an haɗu.

To ai Leah mai hoto ce, da sana'ar take ci, daga bikin aure har baftisma. Sai dai ɗakin ne bala'i. Shekara biyu ke nan da Mama ta zame a bakin rijiya ta karya ƙugu, tun lokacin tana kan gado a ɗakin ƙasar da marigayi mijinta ya gina da hannunsa, taku huɗu nan, taku huɗu can, da wata siririyar ƙofa. Kuma ta kafe cewa ba mai ɗaukarta ya fitar da ita, a gado ne ko a hannu. Ta ce sau ɗaya maza ke fitar da mutum a kwance ta ƙofar ɗakinsa, ita kuwa ranarta ba ta zo ba. Fasto ma ya zo ya yi magana. Ta saurare shi har ƙarshe cikin ladabi, ta sa aka kawo masa kunu, ya sha ya tafi.

Leah ta ƙirga mutum goma sha shida. Ta shiga ɗakin da 'yar kyamararta ta hannu, irin ƙananan nan marasa nauyi, ta manna baya da bango har ƙasa ta ɓata mata riga, ta leƙa. Fuskar Mama kawai ta gani da gefen akwatin kaya. Gilashin da ke bakin kyamarar, wanda masu sana'ar ke kira lens, ita kuwa take ce masa ido, mai lamba arba'in da biyar ne, na jawo fuskar amarya daga nesa. A waje bai taɓa ba ta kunya ba. In jama'a sun yi yawa sai ta ja da baya, Zuru ba ta rasa fili ba. Amma a nan ina za ta ja?

Sai ta tuna Ebenezer, tsohon mai hoton garin, wanda ya taɓa kwashe zumuntar mata gaba ɗaya a cikin coci da ɗauka ɗaya, har da fankar sama. Da ta je ta tambaye shi tun a ranar, da labarin nan bai yi tsawo ba. Amma mutumin ya taɓa kiran kyamararta abin wasan yara a gaban amarya da ango, kuma Leah ba ta mantuwa. Ranar Lahadi ta bari ya ajiye tasa ƙatuwar a kan benci, ta wuce kamar mai neman littafin waƙa, ta saci kallon lambar da ke jikin idon. Ashirin da huɗu. Ta rubuta a tafin hannu, tana jin kanta gwana.

Washegari ta nufi shagon Ikechukwu kusa da tasha. Waya yake sayarwa da caja, amma yana da ɗan'uwa a Legas wanda a cewarsa ko ƙahon zomo aka nema zai samo. Aka bugo, aka yi ciniki, aka samu wani tsohon ashirin da huɗu na hannu, da zoben da zai haɗa shi da kyamararta, a kuɗin da ba zai sa ta kuka ba. Ikechukwu ya daki ƙirji ya ce kwana huɗu. Kwana huɗun nan suka haihu suka zama goma sha shida. Yau an manta ba a kai tasha ba, gobe mota ta lalace ta kwana a Kontagora, jibi direba ya kashe waya. Leah ta yi sintiri har masu sayar da lemu a bakin shagon suka soma yi mata sannu da aiki.

Laraba kaya ya iso, saura kwana uku. Da isarta gida ko hutawa ba ta yi ba, ta faɗa ɗakin Mama ta ɗaura idon, ta koma jikin bangon nan nata. Mama ta fito, akwatin ya fito gaba ɗayansa, sai rabin kalandar coci. Iyakar abin ke nan. In an matsa ƙwarai kai biyar zai ɗauka. Ta cire, ta goge, ta mayar, kamar gogewa za ta ƙara masa faɗi. Mama ta tambaya ko an gama, Leah ta ce ana kai.

Dole ce ta kai ta wurin Ebenezer. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, ita kuwa ta tsaya ta shanye, don mai nema ba ya fushi. Da ya gama ya kwance idon kowace kyamara ya nuna mata cikinsu. Farantin da ke karɓar haske a tasa ya kai kusan girman akwatin ashana, nata bai wuce farcen babban yatsa ba. Ya ce a irin tata kowace lamba ninkawa take yi. Ashirin da huɗu a wurinsa faɗi ne, a wurinta arba'in da takwas ne, ba abin da zai kwasa. Don ta ga abin da yake gani sai ta nemi sha biyu, ɗakin da ta kwatanta kuwa sai tara. Ta haɗiye girman kai ta nemi aron kyamarar tasa. Ya ce ai da ta yi magana da wuri, Asabar yana Wasagu ɗaurin aure.

Ta koma wa Ikechukwu rai a ɓace. Shi kuma ya ce lambar da ta ba shi ita ya kawo, kuma gaskiyarsa ce, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Aka sake kiran Legas. Tara akwai, amma kuɗinsa zai sayi babur har da mai a tanki. Leah ta tambaya ko da zinariya aka yi shi. Ɗan'uwan ya ce haka abin yake, ido na ƙananan kyamarori in lamba ta yi ƙasa kuɗi sama yake yi. Akwai wani mai araha ɗan Sin, mai lamba goma, wanda ake saitawa da hannu, amma ya ƙare, sai wani watan. Wani watan! Da wa za a yi hoton, da kaji?

Nan Ikechukwu ya jawo aljihun tebur ya fito da wani gilashi mai kama da murfin kwalba, wai ana ɗaura shi a gaban ido ya buɗe shi. Bakinsa bai dace da nata ba, aka naɗe da salatif. Ranar Juma'a da baƙi suka fara sauka ta gwada. Lallai ya buɗe, mutum tara suka shiga. Sai dai kusurwoyin hoton sun yi baƙi ƙirin, ƙafar gado ta lanƙwashe, kan mijin Rachel da ke gefe ya miƙe kamar goran nono. Mama ta kalla ta tambaya wane ne wannan. Yaran gida suka yi ta birgima da dariya, mijin Rachel bai yi ba. Mika ya ce a bar wahala, wayarsa tana buɗewa. Aka gwada a duhun ɗakin, fuskoki suka fito dame-dame, abin da ko a tafin hannu ba ya kyau balle a faɗaɗa shi a rataye.

Asabar da hantsi kowa ya hallara, an ci ado, jikoki sun sha wanka. Leah ta kawo dabararta ta ƙarshe: a ɗauka kashi huɗu, ta haɗe su a kwamfuta, ba mai ganewa. Mama ta ce sam. An taɓa kawo mata irin wannan, wani ya yanko hoton Divine ya manna kusa da nata don ya faranta mata, ta sa aka jefa a murhu. Ta ce matattu ake mannawa, ita kuma 'ya'yanta da ransu suke tsaye a gabanta.

A nan haƙurin Leah ya ƙare. Mako uku na yawo da rana, da dariyar Ebenezer, da salatif, duk suka taso mata lokaci ɗaya.

"Haba Mama," ta ce. "Fita kin ce ba ki yi. Haɗi kin ce ba ki so. Bayana yana jikin bango, ba inda zan ƙara ja. Me kike so in yi, in rushe ɗakin?"

Francis ya daka mata harara. Mama kuwa ko a jikinta. Ta tambaya taku nawa ake bukata. Leah ta ce kamar goma daga gado.

"To ku cire bangon ƙofar," in ji Mama.

Francis ya durƙusa ya tuna mata a hankali cewa Baba ne ya gina shi.

"Ni za ka gaya wa? Ni na ɗebo masa ruwan kwaɓin." Ta dube shi, ta dubi Mika. "Gobe kuna komawa inda ƙaninku ya tafi. Bango ana sake shi."

Sojoji biyu suka tuɓe manyan riguna suka ba matansu. Aka tokare rufin kwano da itace biyu, aka cire ƙyaure, aka kare gadon da tabarmi da zannuwa, aka aro diga a maƙwabta. Mijin Rachel, da har yanzu yake jin haushin yadda kansa ya fito a hoton jiya, shi ya fi kowa sara. Leah ta tsaya gefe da kyamara a wuya, takaici kamar ya kashe ta. Ta nemi ido har Legas, ashe maganin yana jingine a bayan ɗakin maƙwabci.

Kafin azahar an kwashe ƙasa, an yayyafa ruwa, an sake wanke yara. Ɗakin ya buɗe baki, haske ya zuba har kan gadon. Leah ta yi taku goma, ta ƙara biyu, ta kafa ƙafar kyamara kusa da rumbu. Ta ɓalle gilashin salatif ta wurgar, ta bar ashirin da huɗun nan da ta tsine wa tun Laraba. Ta leƙa. Kowa ya shiga, kowane kai da siffarsa, har da sauran wuri a gefe. Ranta ya ƙara ɓaci da ta ga yadda idon ke fitar da hoto tsaf.

Mama ta sa Sandra ta buɗe akwati ta miƙo mata hular sojan Divine, ta ɗora a cinya. Sannan ta tambayi Leah me take jira a can. Sai a lokacin Leah ta gane cewa duk ƙirgar da take yi ta goma sha shida ba ta sa kanta ba. Ta saita kyamara ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma, ta kwaso da gudu ta zube a ƙasa jikin ƙafar gado, tana haki.

Da aka kawo wa Mama ta gani, ba ta yi sauri ba. Ta bi kawunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunaye, har ta zo kan hular ta kira shi ma. Leah ta juya baya kamar mai gyara jaka, don kuka ya zo mata kuma ba ta so a gani. Wayarta ta yi ƙara. Ikechukwu ne, wai albishir, an samu tara na hannu mai sauƙi, kwana huɗu ya iso. Ta kashe wayar.

Francis ya ce a kawo ruwa a kwaɓa ƙasa, a toshe ko da rabi ne kafin yamma. Mama ba ta ji shi ba. Ta ɗago kai daga matashi tana kallon tsakar gidan da rabonta da shi shekara biyu, da mangwaron da ya ƙara reshe, da duwatsun da ke can bayan gari. Ta ce wa ya bar jinkar rumbu ta ruɓe haka, kuma tun yaushe aka sare gwandarta ba a gaya mata ba. Francis ya sake tambaya ko a fara ginin.

"Ku bar shi tukuna," ta ce, ba ta ko dube shi ba.